Fakarar Yayen Ummi

Tun Ummi tana ciki, tun ba a san akwai wata cuta da za ta zo ta rufe duniya ba, akwai abin da yake tsaya mini a ƙirji duk lokacin da na gama aiki na zauna: wa zai nemo wa yarinyar nan fakararta? Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa a Doha? Matan da muke haɗuwa da su wajen suna ko walima matan likitoci ne da na malaman jami'a, wasu su da kansu likitocin ne, hirarsu ta makarantar yara ce da kantin da ya karya farashi. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, in buɗe baki a cikinsu in ce tsuntsun daji ne ya hana ni sukuni? Sai na haɗiye abina. Maigidana kaɗai na taɓa yi wa zancen, ya yi dariya ya ce, "Ke dai Allah ya sauke ki lafiya. Kafin yaye ai mun je gida mun dawo." Aikinsa gyaran na'urorin sanyaya manyan gine-gine ne, kuma mutum ne da ya yarda duk abin da ya lalace akwai ƙusar da za a ɗaure ya gyaru.

Ni ban tsufa ba, amma garin nan ya sa ina magana irin ta tsofaffi, komai sai in ce "a da". To a da ɗin, a gidanmu, ranar da aka cire yaro daga nono, abin da zai fara sha romon fakara ne, wadda wasu ke kira makwarwa. Kuma ba kowace fakara ba. Kakan yaro ne zai fita da ƙafarsa lokacin kaka, bayan an yanke dawa, ya bi ta cikin daji, ya jefe ta da kere, wato sandar jifan nan mai lanƙwasasshen kai, ya yanka ta da hannunsa. Ba ta tarko ba, ba ta kasuwa ba, ba ta kyauta ba. Shi ya sa a gidanmu ake jan yaye har kaka ta zo. Baba yakan ce ba nama ake ba yaro ba, tafiya ake ba shi. Ƙafar da ta sha wuya ta nemo, ita ce take shiga ƙafar yaron. Na san ba farilla ba ce, na san ba sunna ba ce. Wani malami ya taɓa yi wa Baba magana a kai, Baba ya ce, "Malam, ni ma ban ce addini ba ne. Kakana ya yi mini, ubana ya yi wa 'ya'yana. Ni ne zan ce ƙafata ta fi tasu tsada?"

In na rufe ido, kaka ce take fara zuwa mini kafin fuskar kowa. Luguden mata yana tashi daga gida zuwa gida, kamar suna amsa wa juna magana. Kukan amalanke da ta sha dami, mai ita yana zagin san da ke jan ta yana lallashinsa. Shanun Fulani suna shiga gonakin da aka girbe, karan dawa yana karyewa ƙarƙashinsu ƙas-ƙas. Mu yara muna kalar gyaɗa da ƙwarya, mu tara kara mu cinna wuta mu gasa, mu koma gida baki baƙi ƙirin a yi mana faɗa. Hannuna kullum da ƙaiƙayin zoɓo, don ni ake tura wa tsinka. Amma duk cikin wannan, abin da ya fi zama mini a kunne shi ne kukan fakara da sassafe, kafin rana ta ɓullo, lokacin da raɓa take jiƙa zani har gwiwa. Takan hau kan suri ta buɗe murya, wata irin murya mai kaushi kamar ana goga tsohuwar wuƙa a dutse, wata ta amsa daga can bayan rafi. Ba kuka ne mai daɗi ba. Amma in ka ji shi ka san an yi amfanin gona, ka san akwai tuwo a shekarar. Nan Najma, unguwar da muke zaune, abin da yake tashina da safe shi ne gurnanin esi, na'urar sanyaya ɗaki, da motocin da ke kwasar ma'aikata, sai mai shayin ƙasan beninmu yana ɗaga ƙofar shagonsa ta ƙarfe.

Sau ɗaya na taɓa bin Baba neman fakarar yaye, lokacin da za a yaye ɗan yayata. Haƙorana na gaba sababbi ne a lokacin, sun yi mini girma a baki. Ya zaɓe ni ne don ni ce ba na surutu a gidan. Ya rataya mini gorar ruwa, shi ya riƙe kere da wuƙa, muka fita bayan asuba. Ya ce in taka inda ya taka. Muka bi bakin gonaki, muka shiga cikin sabara da kalgo, gamba ta rufe ni har ka. Yana nuna mini da leɓe, ba da hannu ba: nan ta tona gyaɗa, nan ta yi birgima a ƙasa, ga gashinta ɗaya mai zane. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Fakara ba ta tsoron mai tafiya. Kina tafiya tana kwance gindin sabara tana jin ki, ta san wucewa za ki yi. Tsayawa ce take tashin ta. In kika tsaya cak, sai ta ɗauka kin gan ta, zuciyarta ta kasa ɗauka." Muka yi ta haka, mu yi tafiya mu tsaya, mu yi tafiya mu tsaya. Ta tashi mana ba sau ɗaya ba, da ƙarar fiffike irin ta yagewar zani, har sai da na saki gora don tsoro, kuma duk Baba ya kuskure ta. Ba rashin iya jifa ba ne. Fiffike yake nema, don in kere ya same ta a ka ta mutu kafin a yanka, mushe ce, tafiyar ta tashi a banza.

Rana ta karya muka juyo hannu wofi. Ƙarangiya ta cika mini zani, ƙaya ta yi mini kaca-kaca da ƙafa, ina ɗingishi ina haɗiye kuka. A hanya muka gamu da wani mai tarko daga ƙauyen gaba, da fakara biyu a rataye, da ransu. Ya dubi ƙafata, ya dubi Baba ya ce, "Haba, Malam! Ka tausaya wa 'yar nan mana. Ɗauki mai ƙibar, ni na ba ka, wa zai sani?" Baba ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara kasuwa. Amma wannan igiya ce ta kama ta, kai kana kan gado kana minshari. In ba jikana romon barci ya sha?" Mutumin ya tuntsire da dariya ya ce, "Taurin kan gidanku ko jaki sai ya sara muku." Ni ban yi dariya ba. Har muka isa gida ban yi wa Baba magana ba, a raina ina cewa wannan tsoho ba ya ƙaunata. Inna ta cire mini ƙaya da allura, ta shafa man kaɗanya, tana cewa, "Kukan me? Ke ma haka aka yi miki."

Washegari ya tashe ni. Na tashi. Ba mu yi nisa irin na jiya ba, wajen wata tsohuwar kanya ya tsaya cak, ni ma na tsaya. Fakara ta tashi daga ƙarƙashin hancinmu, kere ya bi ta, ta faɗo tana jan fiffike ɗaya. Ranar na fara ganin ubana yana gudu. Mutumin da ko gobara ake yi a hankali yake takawa, ga shi yana tsallake kunya, riga tana tashi, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Ya riske ta da rai, ya fuskanci gabas ya yi bismilla. Da ya ɗago, fuskarsa kamar ta yaro. Inna ta dafa ta da daddawa da citta da ɗan gishiri, aka ɗura wa yaron da ludayi yana kukan nono, ni kuma aka ba ni wuya da ƙafa ɗaya ladan gora. Yaron nan yau shi yake noma wa uwarsa gona. Ba na cewa romon ne. Ina faɗin abin da na gani ne kawai.

Ummi sunan mahaifiyar Baba ta ci, shi ya sa tun ranar suna ba ya kiran ta sai "Uwata". Tana jaririya korona ta shigo. Aka rufe masallatai, aka rufe kasuwa, titin da ba ya shiru ya yi tsit har kana jin kurciya a kan esin maƙwabta. Maigida yana fita da takunkumi, ya dawo ya wuce banɗaki kafin ya taɓa mu. Ni da yarinya muna cikin ɗaki ɗaya da falo, taga ɗaya tana kallon bangon wani benin. A nan na gane maganar Baba. Duk shekarun da nake ta kai-komo, abubuwa suna kwance a zuciyata ban sani ba, sai da garin ya tsaya cak suka tashi gaba ɗaya. Ummi ta yi jinkirin tafiya. Sa'anninta da nake gani a waya suna gudu a tsakar gida, ita tana jan gindi a kan tayil. Likita ta ce rashin rana ne, ta rubuta maganin ɗigawa, na ɗiga, kuma Alhamdu lillahi ta miƙe. Amma duk safiya in ina mata wanka sai na riƙe tafin ƙafarta na duba, laushi kamar burodi, ba ta taɓa taka abin da ya fi kafet kaushi ba.

Kakar da ya kamata a yaye ta, fita ba ta yiwu ba. In ka fita, dawowa sai da izini da killacewa, kuma maigida ya ga waɗanda suka tafi hutu suka maƙale a gida har aikinsu ya salwanta. Na yaye ta a nan. Maigida ya shigo da wata 'yar tsuntsuwa daga kanti, salwa, a daskare cikin roba, an jera su kamar sabulu, ya ce, "Ga 'yar'uwarta, khalas, shi ke nan, ki daina damun kanki." Da kyakkyawar niyya ya yi. Na dafa da daddawar da ta rage mini, ina juyawa ina tuna mai tarko. Da na gaya wa Baba a waya, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba komai. Wannan abinci ne, ta ci. Tata tana daji tana jirana. Tafiya ba ta lalacewa don ta makara."

Kaka ta sake zagayowa ta tarar da Doha ta haukace da ƙwallon gasar kofin duniya. Tutoci a kowane bene, baƙi suna waƙa a jirgin ƙasa, garin da ya hana mu leƙa ƙofa yanzu ya buɗe wa duniya duka. Amma mu ba mu fita ba. An ce wa su maigida babu hutu sai an ɗaga kofi, don in na'ura ta tsaya a filin wasa kansu za a nema. Ni kaɗai da yarinya kuwa bai yarda ba, saboda hanyar ƙauyenmu ta zama abin da ta zama. Ana haka sai ƙaninsa Nazifi, wanda yake birni, ya sami damar zuwa kallo. Baba ya ji labari. Bai yi shawara da kowa ba, ya sauko da kere daga rufin zaure.

Inna ce ta ba ni labarin daga baya. Dajin da muka bi ni da shi babu shi. Masu gawayi sun cinye ƙirya da marke, tsohuwar kanyar nan ma ta tafi a buhu. Inda gamba take, an kewaye da waya, gonar wani ce da ba a taɓa ganin fuskarsa a garin ba. Maganin feshi ya ƙone ciyawar da fakara take ƙwai a ciki. Yaran yanzu a ƙauyen ba su san kukanta ba, in ka kwaikwaya musu sai su yi dariya. Baba ya yi kwanaki yana fita, kullum yana ƙara nisa, har ya kai gindin duwatsu, inda ko masu itace sun daina zuwa don tsoron masu bindiga. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ɓoye masa takalmi, ya fita babu takalmin. A can ya sami fakarar. Ya jefa, ya bi ta da gudu irin na wancan lokacin, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Da rarrafe ya ƙarasa ya yanka. Wani mai amalanke ne ya tsinto shi a bakin hanya da yamma, da tsuntsuwa a cikin riga. Inna ta gyara ta, ta kyafe ta a kan wuta a hankali har ta bushe, ta naɗe a takarda, ta ƙulle a tsumma mai tsabta, aka ba direban motar kasuwa ya kai wa Nazifi birni.

Ranar da Nazifi ya iso, tun safe na jiƙa daddawa. Ya shigo da rigar 'yan ƙwallon Senegal, da tabarau a goshi, yana ihu tun daga matakala.

"Matarmu! Kai, Doha ta karɓe ki. Yaya, me kake ba ta ne haka?"

"Sannu da hanya, mijin wahala," na ce. "Ina saƙona?"

"Ko ruwa ba za a ba ni ba? Ai saƙonki ya fi ƙarfin saƙo." Ya buɗe jaka ya zaro wani babban kwali mai sheƙi ya ɗora mini a hannu. Kilishi ne, ja wur, mai yawa. "Na wurin da manya suke saya ne. Ba irin na tasha ba."

"Na gode. Ina na Baba?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi. "Wannan ɗan ƙullin? Wallahi, Anti, na kwance na duba. Wani abu ne baƙi ƙirin, ko tafin hannuna bai kai ba, duk ya sa mini kaya warin hayaƙi. Na ce yanzu in an buɗe jakata a filin jirgi, gaban Turawa da Larabawa, a ɗaga wannan a ce mene ne, me zan ce? Sai na ce tsoho nama yake so jikarsa ta ci, to bari in fitar da shi kunya."

"Ina take?"

"Na bar wa maigadinmu. Ya ji daɗi kuwa, ya ce rabonsa da ita tun yana yaro."

Maigida ya ce, "Nazifi," da wata murya da ban san shi da ita ba. Nazifi ya dube shi, ya dube ni, murmushin ya fara sauka. "Wai mene ne? Tsuntsu ne fa. In tsuntsu ake so, ba na ji ana sayar da su a kasuwar nan ba? Gobe in sayo goma."

Ban zage shi ba. Da zagi ya zo mini da na ji sauƙi. Na shiga kicin na zubar da ruwan daddawa, na tsaya ina kallon yadda yake bin rariya. Abin da ya fi ci mini rai, yaron nan ba mugu ba ne. Kuɗinsa ya sa, ya zaɓi mai kyau, yana jiran a yaba masa. A birni aka haife shi, babu wanda ya taɓa cire masa ƙaya da allura.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara, kiran bidiyo daga wayar maƙwabcinmu na ƙauye. Ban shirya abin da zan ce ba. Ga Baba zaune a tabarma, ƙafa ɗaya a miƙe an naɗe gwiwar da tsumma, ya sa hular sallarsa. Ya ce, "Ina Uwata? A ba ni Uwata." Ummi ta taho da gudu, ta hau cinyata. Ya washe baki ya ce, "Uwata, kin sha romo? Kin ji ƙafa ta yi ƙarfi?" Ita Hausarta rabi ce, sauran Turanci da Larabcin wasan yara. Ta ji dai ana zancen ci, sai ta ɗaga guntun kilishin da take tsotsa ta manna a gilashin wayar ta ce, "Kaka, nama! Yalla, ci!"

Idon Baba ya raunana, amma idon maharbi ne. Ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ja ne." A waje ana ta busa ƙaho, wata ƙasa ta ci ƙwallo. Ya ce, "Ashe ba ta iso ba." Na ce, "Ba ta iso ba, Baba." Bai tambayi dalili ba, bai tambayi wa ya yi ba. Ya gyara hularsa, ya yi wa Ummi murmushi ya ce, "Ci abinki, Uwata. Ba komai. Wata kakar tana zuwa." Sai na ji muryar Inna daga bayan wayar, ba ta ma san ana jin ta ba, ta ce, "Da wace ƙafar?"

Yana nan da ransa, Alhamdu lillahi. Keren nan yanzu shi yake dogarawa zuwa masallaci, kuma iyakarsa ke nan. An ɗaga kofi, baƙi sun watse, an sauke tutoci, Nazifi ya koma da hotuna cike da waya, har yau yana aiko mini da ban haƙuri, kuma na ce na yafe. Kwanaki muka kai Ummi bakin ruwa a Wakra, na cire mata takalmi don ta taka yashi. Ta ɗaga ƙafa ɗaya tana kuka, wai ƙasa ta ɓata ta, a ɗauke ta. Ubanta ya ɗauke ta. Ni na tsaya a wurin, takalmanta a hannuna.

Ku da kuke zuwa nan daga gida, ko kuke zuwa ko'ina ne inda namu suke zaune, abu ɗaya nake roƙon ku. In tsoho ya ba ku ƙulli ya ce ku kai, ku kai shi yadda ya ba ku. Kada ku kwance ku auna shi da ido, kada ku musanya shi da abin da ya fi shi kyau. In kun ga ba za ku iya ɗauka ba, ku faɗa tun yana hannunku, a nemi wani. Ba ku san inda aka taka kafin a ƙulla shi ba.